Adimiral Mai Jar Dara: Wilhelm Souchon da Jiragen da Suka Ja Daular Turkawa Cikin Yaƙi

Da yammacin ranar 10 ga Agusta, 1914, jiragen ruwan yaƙi biyu na Jamus suka tsaya a bakin mashigin Dardanel, ƙofar da ake bi daga Bahar Rum zuwa birnin Santambul. Kwana shida ke nan jiragen Ingila suna farautarsu, kuma ma'aikatansu duk sun jigata. A kan tudun gaɓa ga igogin Turkawa sun saita su, babu kuma wanda ya san ko maraba za a yi musu ko wuta za a buɗe. Kwamandansu, Riya Adimiral Wilhelm Souchon, ya sa aka ɗaga alamar neman jagoran hanya. Maganar ta kai gaban ministan yaƙi, Anwar Basha, wanda Turawa ke rubutawa Enver, ya ce a bar su su shigo. Kafin duhu ya rufa, wani ƙaramin jirgin Turkawa ya shige gaba, ya ratsa da su ta tsakanin nakiyoyin da aka dasa a ruwa.

Kwana tamanin bayan wannan yammaci, jiragen nan biyu suka yi wa garuruwan Rasha ruwan wuta a ƙarƙashin tutar Turkawa. Harin ya jefa Daular Usmaniyya ta Santambul, wadda ta haura shekara ɗari shida a duniya, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekara goma ba su cika ba daga ranar sai da aka wayi gari babu sarautar, babu halifancin. Yadda hafsa guda, wanda bai ma kai ƙololuwar muƙami a rundunar ƙasarsa ba, ya samu hannu a irin wannan babban al'amari, shi ne abin da ya sa har yau ake waiwayar rayuwarsa.

Ɗan tudu a kan teku

An haifi Souchon, wanda ake furta sunansa Sushon, ranar 2 ga Yuni, 1864, a Leipzig, birnin kasuwanci da ɗab'i da ke nesa da kowane teku. Sunan na Faransanci ne, domin kakanninsa suna cikin Furotestan Faransa da suka yi hijira zuwa ƙasashen Jamusawa saboda tsanantawar addini. Yana ɗan shekara shida aka haɗe masarautun Jamus suka zama daula ɗaya a 1871. Ya shiga rundunar sojan ruwa a 1881, bai cika shekara goma sha takwas ba.

Rundunar da ya tarar ƙarama ce, ba ta da wani kwarjini. Ƙarfin Jamus a tudu yake, har ma janar-janar na sojan ƙasa ake ɗorawa a kan sojan ruwa: Albrecht von Stosch, sannan Leo von Caprivi. Lamarin ya juya bayan da Kaisa Wilhelm na Biyu ya hau gadon sarauta a 1888. Sarki ne mai sha'awar jirage, mai kuma kishin rundunar kakarsa ta wajen uwa, Sarauniya Bitoriya ta Ingila. A 1897 ya danƙa ma'aikatar sojan ruwa ga Alfred von Tirpitz, wanda ya samo dokoki biyu daga majalisa, ta 1898 da ta 1900, na gina manyan jiragen yaƙi. Dabarar Tirpitz ita ce Jamus ta tara jirage masu yawan da ko Ingila ta yi galaba a kansu, za ta fito a raunane har wata ƙasa ta iya kayar da ita, saboda haka dole ta riƙa lallaɓa Jamus. Abin da ya biyo baya ya saɓa wa wannan lissafi. Ingila ta sasanta da Faransa a 1904, ta sasanta da Rasha a 1907, ta kuma ƙara ƙaimi wajen gina nata jiragen har ta bar Jamus a baya.

A cikin wannan runduna mai saurin bunƙasa Souchon ya yi ta hawa mataki-mataki. Ya yi aiki a jirage masu zuwa ƙasashen nesa, ya yi a ofisoshin tsare-tsare. A 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, shi ne shugaban hafsoshin ayarin Jamus na Gabashin Asiya, inda ya ga yadda aikin jirgin yaƙi a ƙasar waje ke cakuɗe da siyasa. Ya zama Riya Adimiral a 1911. A Oktoba 1913 aka ba shi ragamar Ayarin Bahar Rum.

Jirage biyu a tekun da ba nasu ba

Sunan ayarin ya fi shi girma, don jirage biyu ne ƙashin bayansa. An kafa shi a 1912, lokacin Yaƙin Balkan na Farko, domin a riƙa ganin tutar Jamus a yankin. Babban shi ne Goeben, wanda kamfanin Blohm & Voss ya ƙera a Hamburg, mai manyan igogi goma masu faɗin baki santimita 28 da ma'aikata fiye da dubu. Irinsa an ƙera su ne don su fi duk jirgin da ya fi su ƙarfi gudu, su kuma fi duk wanda ya kamo su ƙarfi. Ƙaramin shi ne Breslau, mai sauri da ƙananan igogi. Cikin ƙananan hafsoshinsa akwai wani saurayi, Karl Dönitz, wanda daga baya ya jagoranci jiragen ƙarƙashin teku na Hitler, ya kuma gaje shi na 'yan makonni a 1945.

Goeben yana da ciwo a ɓoye. Bututun tukwanen tururinsa suna yoyo, abin da ya rage masa gudu ƙwarai. Da aka kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914, Souchon bai jira umarni ya cim masa ba. Ya kai jirgin tashar Pola ta Ostiriya, aka yi ta sauya bututu dare da rana cikin watan Yuli. Gyaran bai kammala ba ya fice, domin ya gane cewa idan yaƙi ya same shi a cikin tekun Adiriyatik, toshe masa baki kawai za a yi.

A gabansa akwai rundunar Faransa, wadda babban aikinta shi ne rako sojojin da za a kwaso daga Aljeriya zuwa fagen daga. Akwai kuma rundunar Ingila ta Bahar Rum a ƙarƙashin Adimiral Archibald Berkeley Milne, mai jirage uku sa'o'in Goeben, wato Inflexible da Indefatigable da Indomitable, ban da wasu huɗu masu sulke a hannun Riya Adimiral Ernest Troubridge.

Gudun kwana shida

Jamus ta shelanta yaƙi a kan Faransa ranar 3 ga Agusta. Cikin daren, Souchon yana dab da gaɓar Aljeriya sai ga saƙon wayar iska daga Berlin cewa ya nufi Santambul. Bai juya nan take ba. Da asubahin 4 ga wata Goeben ya harbi tashar Philippeville, wadda ake kira Skikda yanzu, Breslau kuma ya harbi Bône, Annaba ta yau. Ɓarnar ba ta da yawa, amma ta dasa wa abokan gaba wani zato da ya amfane shi daga baya: cewa hankalinsa yana yamma, kan jiragen sojojin Faransa ko mashigin Jibralta.

Da hantsi, yana komawa gabas, ya yi kiciɓis da Indomitable da Indefatigable. Wa'adin da Ingila ta ba Jamus bai cika ba sai tsakar dare, don haka babu wanda ya yi harbi. Jiragen Ingila suka juya suka bi shi a baya, suna jiran lokaci. Souchon ya tura duk wanda zai iya riƙe shebur zuwa ɗakunan wuta. Cikin zafi da tururin bututun da ke fashewa wasu masu zuba kwal suka rasa rayukansu, amma kafin dare jirgin ya ɓace wa masu binsa.

Ranar 5 ga wata ya shiga Messina a tsibirin Sisili. Italiya, duk da ƙawancenta da Jamus, ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, ta kuma iyakance masa lokacin zama. Daga jiragen kasuwancin Jamus da ke tashar aka kwashi kwal, har da farfasa benensu don a kai ga rumbunan. A nan saƙonni biyu marasa daɗi suka same shi. Na ɗaya, shiga Santambul ba za ta yiwu ba tukuna saboda dalilan siyasa. Na biyu, jiragen Ostiriya ba za su fito su taimake shi ba. Aka bar masa zaɓi. Yana iya komawa Pola ya zauna a kulle har ƙarshen yaƙi, ko ya gwada kutsawa yamma da kwal ɗin da ba zai kai shi gida ba. Ya zaɓi Santambul, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba, da niyyar tura Turkawa su yaƙi Rasha. Wannan shawara, wadda ya yanke shi kaɗai a tashar Messina, ita ce mafi nauyi a rayuwarsa.

Da yammacin 6 ga wata ya fito, ya yi kamar zai shiga Adiriyatik, da dare ya yi sai ya karkata kudu maso gabas. Ƙaramin jirgin Ingila Gloucester, na Kyaftin Howard Kelly, ya manne masa yana aika rahoto. Troubridge ya taso da jiragensa huɗu don ya tare hanya, amma kafin wayewar gari ya fasa. Umarnin da ke hannunsa ya hana shi karawa da rundunar da ta fi tasa ƙarfi, kuma ya lissafa cewa igogin Goeben za su iya tsinke jiragensa ɗaya bayan ɗaya daga nesan da nasa ba za su kai ba. An gurfanar da shi gaban kotun soja a Nuwamba, aka wanke shi, sai dai bai sake jagorantar ayari a teku ba. Milne kuwa ya yi ta tsaron yamma, don bai taɓa kawowa a ransa cewa Santambul aka nufa ba. Souchon ya ƙara shan kwal a gefen tsibirin Donusa na Girka, ya wuce Dardanel.

Cinikin da ba a biya ko anini ba

Abin da Milne bai sani ba shi ne, tun ranar 2 ga Agusta Babban Waziri Sa'id Halim Basha da jakadan Jamus Hans von Wangenheim suka sa hannu a kan yarjejeniyar ƙawance ta sirri, wadda ko wasu ministocin ba su san da ita ba. Shugabannin Turkawa suna da nasu dalilan. Italiya ta ƙwace Libiya a yaƙin 1911 zuwa 1912. Yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 sun raba su da kusan duk ƙasarsu ta Turai. Sun daɗe da sanin Rasha tana kwaɗayin mashigan ruwan da Santambul ke kai. Suna neman babbar ƙasa da za su jingina da ita, Jamus ce kuma ta amsa. Amma sa hannu daban, shiga yaƙi daban. Yawancin ministoci sun fi son a ja lokaci a ga inda iska za ta kaɗa.

Ingila da kanta ta sauƙaƙa wa masu son yaƙi aiki. Turkawa sun sayi manyan jiragen yaƙi biyu da ake ƙerawa a can, Sultan Osman da Reshadiye, kuma wani ɓangare na kuɗin karo-karo ne na jama'a, har da mata da 'yan makaranta. Ma'aikatan da za su taho da na farkon sun riga sun isa Ingila lokacin da Winston Churchill, ministan sojan ruwa, ya sa aka riƙe jiragen aka shigar da su rundunar Ingila da sunayen Agincourt da Erin. Fushin da wannan ya haifar a Santambul bai huce ba sai ga Goeben a bakin ƙofa.

Dokar ƙasa da ƙasa ta ce ƙasar da ba ta cikin yaƙi ko dai ta sallami jirgin mayaƙa cikin ɗan lokaci, ko ta kwance masa makamai ta tsare shi. Mafitar da aka samo ita ce a ce Jamus ta sayar wa daular da jiragen, a madadin waɗanda Ingila ta riƙe. Ranar 16 ga Agusta aka ɗaga jar tuta mai wata da tauraro a kansu. Goeben ya koma Yavuz Sultan Selim, Breslau ya koma Midilli, ma'aikatan suka cire hulunansu suka sa jar dara. Kuɗi bai sauya hannu ba, mutanen ciki ma ba su sauya ba. A Satumba tawagar hafsoshin Ingila ta Adimiral Arthur Limpus, wadda ke horar da sojan ruwan Turkawa, ta tattara nata ya-nata, Souchon ya zama babban kwamandan rundunar ruwan daular, alhali yana nan a matsayinsa na hafsan Kaisa. A ƙarshen watan aka rufe Dardanel, hanyar da alkamar Rasha ke bi zuwa kasuwannin duniya.

Jajibirin Babbar Sallah

Jamus ta ƙosa. An tsayar da sojojinta a bakin kogin Marne a Faransa cikin Satumba, Ostiriya kuma tana shan kashi a hannun Rasha. Berlin tana son a buɗe wa Rasha da Ingila sabon fage. Turkawa suka ce baitulmalinsu babu kuɗi, sai aka turo musu zinariya ta jirgin ƙasa a Oktoba. Da ta iso, Anwar Basha ya ba Souchon umarni a rubuce cewa ya fita Bahar Aswad ya auka wa rundunar Rasha, ministan sojan ruwa Jamal Basha kuma ya umarci hafsoshin Turkawa su bi maganar adimiral ɗin. Babban Waziri da akasarin majalisar ministoci ba su san abin da ake ƙullawa ba.

Ranar 27 ga Oktoba rundunar ta fita da sunan atisaye. Da asubahin 29 ga wata, mutanen Santambul suna shirin Babbar Sallah, jiragen suka buɗe wuta a kan Odesa da Sebastopol da Fiyodosiya da Noborosisk. An nutsar da jirgin yaƙin Donetz a tashar Odesa, ma'aikatan jirgin dasa nakiya Prut suka nutsar da nasu da kansu don kada a kama shi, tankunan mai na Noborosisk suka kama da wuta. Souchon ya aika rahoto cewa Rashawa ne suka fara takalarsa. Ba haka aka yi ba. Ta hanyar harbin garuruwa maimakon tsayawa ga jirage a teku, ya tabbatar da cewa babu wata ban-haƙuri da za ta gyara lamarin.

Sa'id Halim ya yi yunƙurin murabus, ya kuma nemi a lallashi Rasha. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne a kori hafsoshin Jamus, wanda kuwa ba shi da ikon yi, tunda igogin Yavuz suna iya kaiwa fadar Sarki. Ministoci huɗu suka ajiye aiki, ciki har da na kuɗi, Jawid Bey. Rasha ta shelanta yaƙi ranar 2 ga Nuwamba, Ingila da Faransa suka bi ranar 5 ga wata.

Fatawar da ta ƙetare Sahara

Ranar 14 ga Nuwamba aka karanta fatawar Shaihul Islam a masallacin Fatih, da sunan Sarki Muhammadu Rashad a matsayinsa na halifa, ana kiran Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa da Rasha su tashi jihadi. Wannan yana cikin abin da Jamus ta fi sa rai a kai. Gagarumin boren da ta yi fata bai auku ba. Musulmi da yawa sun kasa gane jihadin da ake yi kafaɗa da kafaɗa da wasu daulolin Kirista a kan wasu, ga shi kuma a Yuni 1916 Sharif Husaini na Makka ya juya wa Turkawa baya. A Arewacin Nijeriya sarakuna sun bayyana goyon bayansu ga Ingila, har da gudummawar kuɗi daga baitulmali.

Duk da haka kiran ya samu masu amsawa a inda dama akwai wuta a ƙasa. 'Yan Sanusiyya na Libiya, da taimakon hafsoshin Turkawa da makaman da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke saukewa, sun kai hari yammacin Masar a ƙarshen 1915. Sarkin Darfur Ali Dinar ya yanke hulɗa da Turawan Sudan, aka aika masa da runduna, aka kashe shi a Nuwamba 1916. A Disamban shekarar, Kawusan, jagoran Abzinawa mai alaƙa da Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Sai a Maris 1917 dakarun da suka taso daga Damagaram suka karya ƙawanyar, Turawan Nijeriya ma suka tura sojoji taimako, ramuwar da Faransa ta yi a Agadas kuma ta haɗa da kashe malamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tushensa na gida, na haraji da ƙwace raƙuma da zafin mulkin mallaka. Amma makamai da ƙwarin gwiwar da suka zo daga arewa sun biyo ƙofar da aka buɗe a Bahar Aswad.

Shekara uku a Bahar Aswad

Yaƙin da Souchon ya kunna bai ba shi wata babbar nasara a teku ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1914, ya yi arangama da manyan jiragen Rasha kusa da Kirimiya, aka yi wa Yavuz rauni. Ranar 26 ga Disamba jirgin ya taka nakiyoyi biyu a bakin Bosforus, kuma da yake daular ba ta da wurin gyaran da zai ɗauki jirgi mai girmansa, sai faci aka yi masa yana cikin ruwa. Daga 1915 Rasha ta fito da sababbin manyan jirage da suka fi shi ƙarfin igwa. Aikin Souchon ya koma rakiyar jiragen da ke ɗauko kwal daga Zonguldak zuwa Santambul da kai sojoji da kaya fagen Kaukasus. An ƙara masa girma zuwa Bayis Adimiral a 1915, aka ba shi lambar Pour le Mérite, mafi daraja a Furusiya, a 1916.

Tasirin gaske yana wani wajen. Rufe mashigan ya yanke hanya mafi sauƙi tsakanin Rasha da ƙawayenta, ƙoƙarin buɗe ta da ƙarfi kuma shi ya haifar da yaƙin Galiboli na 1915, inda dubun-dubatar mutane suka mutu a kowane ɓangare, inda kuma sunan Mustafa Kamal ya fara fitowa.

Akwai wani babi da bai kamata a tsallake ba. A 1915 gwamnatin su Anwar da Ɗal'at Basha ta fara kora da karkashe Armeniyawan daular, abin da akasarin masana tarihi ke kira kisan ƙare-dangi, ko da yake gwamnatin Turkiyya tana ƙin wannan suna har yau. Souchon yana Santambul, yana da labarin abin da ke gudana. Abin da ya rubuta a kundin ajiyar sirrinsa cikin watan Agustan shekarar ya nuna yana ganin gamawa da Armeniyawa alheri ne ga Turkiyya. Duk mai yaba wa jarumtarsa ta Messina sai ya haɗa da wannan a ma'auni.

Kiel

A Satumba 1917 aka kira shi gida, aka ba shi Ayari na Huɗu na manyan jirage, ya shiga farmakin da ya ƙwace tsibiran bakin tekun Riga daga hannun Rasha a Oktoba. Bayan tafiyarsa, a Janairu 1918, Midilli ya nutse cikin filin nakiyoyi kusa da tsibirin Imbros.

A ƙarshen Oktoba 1918, cikin makon da wakilan Turkawa suka sa hannu a kan takardar ajiye makamai a Mudros, aka naɗa Souchon, wanda ya riga ya zama cikakken adimiral, gwamnan Kiel, babbar tashar sojan ruwan Jamus a tekun Baltik. Gwamnati tana neman sulhu, amma manyan hafsoshin ruwa suka shirya fitar da rundunar gaba ɗaya don karon ƙarshe da Ingila, ba da sanin gwamnatin ba. Ƙananan sojoji suka ƙi, wasu suka kashe wutar tukwane. Aka kama da dama, aka tura Ayari na Uku zuwa Kiel da zaton hankali zai kwanta.

Souchon bai yi kwana biyar a ofis ba abin ya fashe. Ranar 3 ga Nuwamba sojojin ruwa da ma'aikata suka yi jerin gwano suna neman a saki 'yan'uwansu, 'yan sintiri suka yi harbi, mutum bakwai suka mutu nan take. Washegari barikoki suka bi sahu, sojojin ƙasa da ya nema daga waje kuma wasu aka kwance musu makamai, wasu suka koma ɓangaren masu bore. Ya karɓi wakilansu a ƙarƙashin Karl Artelt, ya saki waɗanda aka tsare. Da yamma ɗan majalisa Gustav Noske ya iso daga Berlin, ranar 7 ga wata kuma ya karɓi kujerar gwamna. Kafin nan boren ya bazu zuwa sauran birane. Ranar 9 ga Nuwamba aka shelanta jamhuriya, washegari Kaisa ya tsere Holan, ranar 11 aka tsagaita wuta. Wasu tsofaffin hafsoshi sun zarge shi da sanyin hannu. Sai dai a ranar 4 ga Nuwamba ba shi da sojojin da za su bi umarnin harbi, kuma ya gane hakan.

Ya yi ritaya a 1919. Ya rayu ya ga hawan Hitler da faɗuwarsa, ya mutu a Bremen ranar 13 ga Janairu, 1946, yana da shekara 81.

Nauyin wa?

An daɗe ana ba da labarin kamar Bajamushe ɗaya ne ya yaudari daula sukutum. Masana da suka bi takardun Turkawa, irin su Mustafa Aksakal, sun nuna cewa shugabannin Santambul ba 'yan kallo ba ne. Sun yi imani cewa idan Rasha da ƙawayenta suka ci yaƙi, raba daular za a yi ko ta shiga ko ba ta shiga ba, don haka ƙawance da Jamus ne kaɗai damar da ta rage. Sun yi ciniki da ƙawancen sosai: sun soke gatancin da baƙi Turawa ke da shi a kotuna da haraji tun daga 1 ga Oktoba, 1914, sun karɓi zinariya, sun ja lokaci wata uku. Souchon kuma da takardar Anwar a hannunsa ya fita.

Abin da ya rataya a wuyansa shi ne lokaci da salo. Kafin 10 ga Agusta, masu son jira a majalisar ministoci suna da hujja mai ƙarfi, cewa daular ba ta da abin da za ta tunkari Rasha da shi a Bahar Aswad. Zuwan Goeben ya rushe hujjar. Ya kuma sa makami mafi ƙarfi a babban birnin ya kasance a hannun mutumin da Berlin yake yi wa biyayya. Daga ranar, ministocin da ke adawa da yaƙi suna iya yin magana, amma ba su da hanyar hana jirgin fita. Gwamnatin da ta karɓi jiragen don ta tsare kanta ta rasa ikon zaɓar ranar da za ta shiga yaƙi, kuma 'yan ƙasarta na Anadolu da Siriya da Iraƙi da Hijaz ne suka biya kuɗin.

An soke sarautar Usmaniyya ranar 1 ga Nuwamba, 1922, aka soke halifanci ranar 3 ga Maris, 1924. Jirgin ya fi su duka daɗewa. Yavuz ya zama babban jirgin Jamhuriyar Turkiyya, shi ya ɗauki gawar Mustafa Kamal Ataturk daga Santambul zuwa Izmit a Nuwamba 1938. An dakatar da shi daga aiki a 1950. Turkiyya ta yi wa Jamus ta Yamma tayin ta saye shi a 1963, Jamus ta ce ba ta so, a 1973 kuma aka ja shi zuwa wurin masu yankan ƙarfe.